Damin Irin Hure

Duk wanda ya taɓa wayar gari ranar Lahadi a ƙauyenmu, can bayan Tsanyawa, ya ji aikin Mati ko da bai ga fuskarsa ba. Shi ke buga tsohon wilin motar da ke rataye a darbejiyar majami'armu don jama'a su fito sujada. Mu Kiristocin ƙauyen ba mu da yawa, gonakinmu a cuɗe suke da na maƙwabtanmu Musulmi, har wasunsu da bugun Mati suke sanin hantsi ya yi. Taubashina ne, don haka tun muna samari nake tsokanarsa cewa abu biyu kawai ya iya a duniya, dukan ƙarfe da cin tuwon Hure.

Hure ita ce matarsa, kuma gaskiyar magana ita ce kan gonar. Kowace kaka, kafin a ɗaure gero, sai ta bi shi tana tsamo zangarniya masu tsawo da cikar ido, ta ɗaure ɗan dami daban, ta rataye a ɗakin girki saitin murhu, hayaƙi ya kore masa ƙwari. Irin mahaifiyarta ne, da shi ta zo gidan aure. Ranar shuka Mati na gaba da sungumi yana sara, ita tana biye tana zuba iri tana take ramin da diddige, tana yi masa faɗa wai layinsa ya karkace. Haka suka yi ta yi har 'ya'yansu mata suka yi aure, namijin kuma ya tafi Abuja aikin gini.

Da wata bazara zazzaɓi ya kwantar da ita, kafin mako ya zagayo muka kai ta makwancinta. Mati bai yi kuka ba. Mun so ya yi, bai yi ba. In an miƙo tuwo ya ci, in ba a miƙo ba ya zauna. Ran Lahadi ya buga ƙarfensa daidai lokaci, ya shiga ya zauna a bencin baya, ana waƙa bakinsa na motsi ba sauti. Na tsokane shi na tsokane shi, ko harara ban samu ba, abin ya ba ni tsoro.

Wata rana a gindin darbejiya na tambaye shi ko yana addu'a.

Ya ce, "Ina yi. Kamar dai mutum ya leƙa rumbun da ba komai ya yi magana."

Daminar nan bai taɓa damin Hure ba. Ya ɗebo geron ci daga rumbu ya watsa a gona, noman fari ya yi shi rabi da rabi, maimai ko oho. Ƙuduji ya cinye abin da ciyawa ta rage. Da kaka abin da ya kawo gida ko jaki ba zai ji nauyinsa ba.

Sai Lahadin godiyar kaka ta zo, ranar da kowane gida ke kawo baiko daga amfanin gonarsa a jera a gaban bagade, wato teburin gaban majami'a, daga baya a zuba a rumbun majami'a domin fasto da gwauraye. Ana cikin waƙa ana shigowa da dawa da gyaɗa da kabewa, sai ga Mati da ɗan dami a kai, baƙi ƙirin da hayaƙi. Muryar mata ta sauka. Ba wanda bai gane ba. Manomi yakan ba da hatsinsa, yakan ba da akuyarsa, amma ba ya ba da iri sai in ya gama da gona. Ya ajiye shi a hankali ya koma bencinsa, fuskar nan ba yabo ba fallasa.

Bayan an tashi na tare shi a ƙofa na ce, "Kai, wannan wace irin wauta ce? Me za ka shuka baɗi?"

"Wa zai bi ni a baya?" in ji shi. Ya wuce abinsa.

Da rani ya fara maganar barin gonar ya bi ɗansa Abuja, ko gadi ne ya yi. Ni na san Mati, ko kasuwar Tsanyawa ya shiga sai hayaniya ta sa masa ciwon kai. In ya tafi, zama zai yi a bakin ƙofar wani har ransa ya fita. Na faɗa masa haka ɓaro-ɓaro, ya ce to.

Ruwan shuka ya sauka wata Talata. Washegari da sassafe kowa ya fita da sungumi, ni kuma na biya ta gidansa na tarar da shi zaune a kan turmi yana kallon ƙasa. Ina tsaye ina neman abin faɗa sai ga Inna Lantana, shugabar zumuntar mata, tsohuwa mai baki kamar reza, da mata a bayanta. Ƙwarya ce a hannunta cike da gero sussukakke, yana ƙanshin hayaƙi. Ashe tun ranar godiya ta hana a zuba damin a rumbu, ta kai ɗakin girkinta ta rataye.

Mati ya kalli ƙwaryar ya ce, "Inna, abin da aka ba Ubangiji ba a karɓa."

Ta ce, "Wa ya ce maka kai aka kawo wa? Ka bayar, ya zama nasa. To irin Ubangiji ne a hannunmu, ba a tuƙa tuwo da iri, kuma duk garin nan ba gonar da ke kwance sai taka. Ma'aikaci muke nema. Yesun da kake buga wa ƙarfe bai ce ya sallame ka ba. Tashi."

Ban san ko maganar ce ta shige shi ko tsoron bakin Inna Lantana ba, ya dai tashi. Sungumin ma ni na lalubo masa a bayan rumbu, ƙotar duk gara.

A gona ya fara sara kamar wanda aka sa dole. Inna Lantana ta shiga bayansa da ƙwarya, tana zubawa tana takewa da diddige. Sun yi nisa kaɗan sai na ga ya tsaya cak, sungumi a sama, yana jin takun da ke bin sa. Bai waiwaya ba. Sai kukan da muka jira tun waccan bazarar ya zo, da ƙarfi, a tsakiyar gona, har maƙwabcinsa Malam Nababa ya ajiye nasa aikin ya tsaya kansa a ƙasa. Ba wanda ya ce masa ya yi haƙuri. Ni ma nawa idon ya cika, ba zan ɓoye ba.

Da ya gama ya share fuska da hula ya ci gaba. Na ɗaga murya na ce masa layin nan ya karkace.

Ya ce, "Rufe mana baki, malalaci." Rabon da ya zage ni tun Hure na da rai.

Da suka kai ƙarshen layi ya tsaya ya jira tsohuwar ta iso, tana haki. Ya daɗe yana kallon ƙwaryar, sannan ya ce, "Inna, in Allah ya kai mu kaka, ki zo ki nuna mini yadda take zaɓen iri. Ban taɓa tsayawa na duba ba."