Kiran Magariba a Tsohon Gidan Baƙi

Ni malamin kimiyya ne a makarantar sakandare, kuma a shekarun da nake ba da labari babu wanda ya kai ni baki a kan camfi. In ɗalibi ya ce min aljanu sun taɓa ƙanwarsa, sai in tambaye shi ko an gwada jininta. Na yarda akwai aljanu, tunda Musulmi ne ni, amma a ganina suna da harkokin gabansu, ba su da lokacin bin ɗakunan mutane suna kaɗa kwanuka. Da wannan bakin nawa na tafi Tudun Wada neman aure.

Wadda nake nema ma'aikaciyar jinya ce a Kano. Mahaifinta ya rasu tun tana ƙarama, ƙaninsa ne ya riƙe ta, shi ne kuma waliyyinta. Baffa take ce masa. Manomin shinkafa ne a wani ƙauye gaba da Tudun Wada kaɗan, ta hanyar Doguwa. Ya aiko cewa kafin in turo manyana yana so ya gan ni da idonsa. Ita kuma ta ja min kunne, ta ce mutum biyu sun riga ni zuwa, ya ba su fura, ya sallame su, daga nan maganarsu ta mutu. Ɗaya ya miƙa masa hannu daga tsaye, ɗaya kuma ya amsa waya a gabansa.

"Baffa ba ya faɗa," in ji ta. "Kallo kawai yake yi."

Ina son yarinyar nan so mai tsanani, don haka na ɗauki maganar da gaske. Na kai kaftani guga, na sayi sabuwar hula, na haɗa goro da turare. Ranar Asabar na hau bas da hantsi, ina lissafin kafin azahar na isa. A Kwanar Dangora motar ta yi tari sau biyu ta mutu. Direba ya ce minti biyar. Muka yi azahar a nan, muka yi la'asar a nan, na sha rake har haƙorana suka gaji, na kuma gaya wa direban maganganun da ba su dace da mai sabuwar hula ba. Ba mu shiga Tudun Wada ba sai da rana ta yi ja, ga hadari ya haɗo ta gabas.

Ba a faɗa wa gidan surukai da almuru kamar mai neman tuwo. Na yanke shawarar in kwana a gari, in yi sammako. Na tambayi wani ɗan acaɓa masauki, ya ce wuraren da ya sani sun cika da 'yan kasuwar hatsi, sai dai tsohon gidan baƙi na bayan gari. Na ce mu je. Ya dube ni, ya ce to. Tun da sauran tafiya kafin mu kai ƙofar ya taka birki, ya ce tayarsa ba ta son wannan hanyar.

Ginin dutse ne dogo mai rufin kwano, irin wanda aka yi wa manyan ma'aikata masu rangadi tun zamanin da. Ɗakuna shida a jere, da baranda, da tsamiyoyi uku manya da suka rufe tsakar gidan. Ina tsaye a barandar na kira yarinyar a waya na gaya mata inda na sauka. Ta ce, "Wanne? Na cikin tsamiyoyi?" Kafin in amsa wayar ta mutu, caji ya ƙare.

Maigadin wani dattijo ne siriri mai yawan fara'a. Ya buɗe min ɗaki na huɗu, ya kakkaɓe katifa, ya ba ni buta da guntun kyandir. Sannan ya gyara murya.

"Malam, gidan nan da masu shi. Ba sa cutar kowa, sai dai ba sa son raini. Kada ka yi fito. Kada ka zubar da ruwan zafi a tsakar gida. Babba kuma, in ka ji an kira sunanka bayan magariba, kada ka amsa."

Na yi murmushin 'yan boko. Na ce, "Baba, ai mun san wannan tun muna yara. Sai an kira sau uku ake amsawa."

"Wannan a garinku ne. Na nan gidan sun daɗe da baƙi, sun san dokar. Har sau bakwai suna kira."

"To in ya yi sallama fa?"

"Ai Musulmai ne, sun fi ka iya sallama. Babbansu tsoho ne mai farin gemu. Ba ka gane shi sai ta ƙafa, kofato gare shi."

Na ce masa ni kimiyya nake koyarwa. Ya ce madalla, bara ma wani likitan dabbobi ya kwana a ɗakin, da asuba aka tsince shi a masallacin tasha da takalmi ɗaya. Na tambaye shi a wane ɗaki shi yake kwana. Ya ce shi ai da iyalinsa a cikin gari, ya ɗauki kekensa ya fice.

Na yi magariba a ɗakin don an fara yayyafi. Wutar lantarki babu ita, babu alamarta. Na kunna kyandir na zauna a bakin gadon ƙarfe, wanda in ka motsa sai ya yi ƙara kamar akuya ta ga wuƙa. Wani abu ya fara yawo a cikin silin. Na ce jemagu ne. Ƙofar ɗaki na biyar ta buɗe ta rufe. Na ce iska ce. Duk abin da ya motsa sai na ba shi suna da babbar murya, kamar ina gaban aji. Amma na lura na sa sakata, na kuma jawo kujera na tokare ƙofar, kuma ba na tuna lokacin da na yanke shawarar yin haka.

Sai na ji sallama a baranda. Muryar tsoho, a natse. Sannan aka kira sunana.

Ban ji ƙarar mota ba, ban ji ta babur ba, ruwa na dukan kwano. Babu wanda ya san ni a garin nan. Na yi tsit. Aka sake kira, wannan karon har da sunan mahaifina. A kira na uku bakina ya buɗe da kansa zai amsa, na sa hannu na toshe shi. A na huɗu na fara Ayatul Kursiyyu, da ƙarfin da ko a tasha za a ji.

Aka bari na kai aya. Sannan muryar ta ce, "Yaro, ni ne baffan yarinyar. Na zo in tafi da kai gida."

Wannan ne ya ƙarasa ni. Na ce a raina, lallai na gidan nan sun ƙware, har abin da ya kawo ni sun sani. Tsoro kuma in ya yi min yawa faɗa yake zama. Na miƙe na fuskanci ƙofar.

"Na haɗa ka da Allah ka koma inda ka fito! Ban yi fito ba, ban zubar muku da ruwan zafi ba. Me na tsare maka?"

"Yaro, buɗe ƙofar, ruwa na dukana."

"Ba zan buɗe ba! In kai mutum ne, haska ƙafarka in gani."

Akwai rata a ƙasan ƙofar, kamar faɗin yatsu uku. Na kwanta rub da ciki a kan siminti, da kaftanina mai guga, na kafa ido. Sai hasken tocila ya sauka. Na ga takalman roba dogaye irin na masu shiga fadama, taɓo har wuya. Ko kofato ne a ciki, ko yatsu, babu mai iya cewa.

"Cire takalmin!" na ce.

Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san waye ke cire takalmi tsakanin mai neman aure da uban yarinya. Tun daga nesa ake tuɓewa, a durƙusa, a sunkuyar da kai. Ni kuwa ga ni kwance ina ba da umarni ta ƙarƙashin ƙofa.

Sai na ji nishin tsoho yana sunkuyawa. Takalmi ɗaya ya fita, ɗayan ya bi. Aka haska. Ƙafafun mutum ne, na manomi, yatsu goma cif, da kaushi a dunduniya, babban ɗan yatsan hagu ya rasa rabin farce, ruwa na gangarowa ta tsakaninsu. A lokacin na tuna wayar da na yi a baranda. Ta san gidan, ta kira shi, shi kuma ya taso daga gona ya keto ruwa don kada baƙonsa ya kwana a nan.

Wallahi da aljanin ne da ya fi min sauƙi. Na janye kujera, na zare sakata, na zube a gabansa. Dattijo ne gajere mai farin gemu, ya yafa buhu a ka, takalmansa a hannu. Na yi ta jero gaisuwa, ina wuni, ina gajiya, ya ruwa, ya iyali, na koma ina wuni. Ya haska fuskata, ya haska gaban kaftanina da ya kwashe ƙurar ɗakin kaf. Sannan ya ce, "Ɗauko jakarka."

Babur ɗinsa na can bakin titi, daidai inda ɗan acaɓa ya sauke ni. Na hau bayansa, takalmana a hammata, don na kasa sa su. Muka kama hanya cikin yayyafi. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na tafiyar nan ba. Wani ya rasa ta don ya miƙa hannu, wani don ya amsa waya, to ina ga wanda ya kori waliyyi da Ayatul Kursiyyu, ya sa shi tsayawa ba takalmi a cikin ruwa? Na fara tsara yadda zan gaya wa mahaifiyata. Har na ji ƙwalla, na gode wa ruwan da ya rufa min asiri.

Mun yi nisa sai na ji bayansa yana rawa. Na ɗauka sanyi ne. Ashe dariya yake yi, marar sauti, har babur ɗin yana karkata.

"Ka san me ya sa na cire?" ya ce, bai waiwayo ba.

"A'a, Baba."

"Da na ji murya daga ƙasan ƙofa tana neman ƙafata, sai na ce anya yaron ne kuwa? In masu gidan ne, gara in bi su a hankali."

Ban san ko an yarda in yi dariya ba, sai na ce, "Allah ya huci zuciyarka, Baba."

A ƙofar gidansa ya kashe babur. Ana kiran isha a masallacin ƙauyen. Bai shiga ba, ya tsaya ya yi min kallon nan da aka ba ni labari, ni kuma na durƙusa a cikin taɓo ina jira a kawo fura.

"Karatunka babu gyara," ya ce. "Tsoro kuwa kowa na da nasa, na ga naka, ka ji nawa. Ka turo manyanka bayan an yanke shinkafa."

Na buɗe baki zan yi godiya, ya ɗaga hannu. Muryarsa ta sauya, babu sauran dariya a cikinta.

"Sau huɗu na kira ka. Ni tsoho ne, na iya jira. Yarinyar nan tun tana shekara shida ba ta da uban da za ta kira ya amsa, sai ni, ni kuma na kusa. In ta kira ka, ko da magariba ce, ko a ina kake, kada ka bari ta kai na biyu."

Na ce, "Na'am, Baba."