Ranar da Malam Ya Rasa Ta Cewa

Jiya na ga an naɗe tsire da tsohuwar jarida, sai na tuna marigayi malaminmu na lakwal, wato makarantar boko, a Gangara. Kome ka karanto masa, sai ya karkaɗe allin hannunsa ya ce, "Wa ya faɗa? Ya je wurin?"

Ranar darasin talaucin duniya, ya ɗaga jaridar Turawa mai hoton wata ramammiyar mata a gaban rumbu wayam.

"Kafin ku yarda, ku bincika," in ji shi.

Hadiza, da muke benci ɗaya, ta miƙe. "Malam, innata ce. Ba ta kai damina ba."

Ya daɗe yana kallon hoton. "Zauna, 'yata," kawai ya iya cewa.

Allah ya sanyaya makwancinsa, ya yafe mana abin da muka kasa.