Anti Tabarau da Ƙafar Tela

Ƙarfe bakwai da rabi za ka same ta a ɗakin gashin ƙashi na asibiti, tana goge wani ƙaton tabarau mai na'ura da auduga, in ya ƙi kamawa ta yi masa faɗa kamar ɗan cikinta. Shi ya sa majinyata suka laƙaba mata Anti Tabarau. Shekara talatin ke nan tana tare da waɗanda aka yanke wa hannu ko ƙafa. Da madubi ta fara nuna musu siffar gaɓar da suka rasa, kafin na'urar ta zo. Wanda duk ya saka tabaran, sai ya ga gaɓar da ya rasa ta dawo, tana motsi.

Akwai wani tela da aka yanke wa ƙafar dama. Ƙafa dai babu, amma yana jin yatsunta a dunƙule suna masa zugi. Har ya ce wa matarsa ta nemo mai sayen keken ɗinkinsa.

Ranar farko ya leƙa, ya tuɓe tabaran ya ajiye.

"Anti, wannan ai ƙafar ɗan gayu ce. Tawa duk kaushi ce."

Da wata ce, sai ta ce ya yi haƙuri, haka na'urar take. Ita kuwa sai ta jawo kujera.

"To malam, ba ni labarin taka. Me ta fi iyawa?"

"Taka keke," in ji shi. Sai hawaye.

Washegari ta sa aka kinkimo keken daga shago. Ta zaunar da shi, ta saka masa tabarau, ta ɗora ƙafarsa ta hagu a kan matakin. Keke ya ɗauki ƙara, shi kuma yana ganin ta dama tana hawa tana sauka. Can sai ya tsaya cak.

"Anti, sun buɗe. Wallahi yatsun sun buɗe!"

Matarsa ta sulale ƙasa tana kuka tana dariya.

Anti, ke ce mai tambayar ƙafa sana'arta kafin ki tambayi ciwonta. Ƙarshen watan nan za ki ajiye aiki, kuma gaskiya za mu yi kewarki. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Ku kuma masu tasowa, ku koyi jawo kujerar nan.

Rigar da za ki saka ranar ban kwana tana shagon telan. Ya gama ta jiya, da ƙafar roba, a kan keken da bai sayar ba.