Yaya Habu da Littafin da Ya Raba Shi da Limanci

Da kakar bana shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Yaya Habu makwancinsa a maƙabartar ƙauyenmu, kusa da Minjibir. Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Malamin firamare ne, manomi, kuma na'ibin liman a masallacin unguwarmu. Ni hatsi nake sayarwa a Dawanau, bokona bai wuce sakandare ba, don haka mai karatu ya yi mini uzuri idan rubutun ya karkace.

Yaya mutum ne mai karatun da babu wanda ya sa shi. Duk ranar da ya shiga birni sai ya tsuguna wajen masu baza tsofaffin littattafan Turanci a gefen titi. Ba ya ɗaukar ƙagaggun labarai, cewa yake ƙaryar gari ta ishe shi. Da damina, idan rana ta yi zafi aka ajiye fartanya, yana zaune a gindin tsamiyar gonarmu, littafi a hannu, ƙamus a cinya.

Akwai wani mai kauri da ya daɗe a kansa, tarihin ƙwallon zari-ruga, wasan da bai taɓa gani ba ko a talabijin. Yakan ba mu labarin ƙwallo mai siffar ƙwai, da ƙarti masu sunkuyawa su haɗa kafaɗu suna turereniya. Dariya muke yi masa. Na taɓa ce masa, "Yaya, me wannan zai amfane ka?"

Ya ce, "Ban sani ba tukuna, Sale. Mutane ne da ke kayar da juna har jini ya fita, ana tashi kuma su gaisa su ci abinci tare. So nake in san yadda suke iyawa."

Akwai kuma na falsafar mutanen Sin na da. A cikinsu abin da ya fi jan hankalinsa shi ne girmama iyaye, da kunyar da ya kamata shugaba ya ji idan talakansa ya kwana da yunwa. Yakan rufe littafin ya girgiza kai ya ce kamar mutanen nan sun zauna a zauren Babanmu.

Wanda ya jawo masa wahala ɗan ƙarami ne, mai hoton gicciye a bango. Wani Kirista mai zuhudu ne ya rubuta shi, a kan shiru da addu'a. Yaya ya same shi a shekarar da sanƙarau ya ɗauke masa ɗansa na fari, Mustafa. Bai yi kuka a gaban mutane ba, bai kuma fasa salla ko ɗaya ba. Ni kaɗai ya faɗa wa, wata rana muna yankan gero, cewa tun rasuwar yaron yake tsayuwa a salla ya ji zuciyarsa kamar busasshiyar rijiya. Ya ce a littafin nan ya ga wani ya bayyana irin wannan hali, ya kuma ce kada mutum ya bar tsayuwar don ba ya jin komai. "Shi ya zaunar da ni a kan buzuna," in ji shi. "Ban ɗauki addininsa ba. Haƙurinsa na ara."

A lokacin akwai wani matashi a unguwarmu, Malam Idi, da ya dawo daga karatu a birni. Yana da ilimi, yana da kishin addini, ba zan hana masa wannan ba. Shi ya ga littafin a zauren Yaya. Bayan sallar la'asar ya miƙe a gaban tsohon limaminmu da jama'a.

"Allah gafarta Malam, a tambayi na'ibi, littafin coci da ke zaurensa na waye?"

Yaya ya ce, "Nawa ne. Na karanta shi, ba sau ɗaya ba."

Na yunƙura zan yi magana, ya riƙe bakin rigata ya zaunar da ni. Liman tsoho ne mai gudun fitina, sai ya ce na'ibi ya ɗan huta har ƙura ta lafa. Hutun nan bai ƙare ba har Yaya ya bar duniya. Malam Idi ya zama na'ibi, daga baya ya zama liman, Yaya kuma yana binsa salla a sahun baya.

Ba a zage shi a fuska ba. Janyewa aka yi. Aka daina kiransa ɗaurin aure da raɗin suna. Wasu suka cire 'ya'yansu daga ajinsa. Na matsa masa ya fito ya faɗi dalilinsa, sai ya ce, "In tsaya in gaya musu na daɗe ina jansu salla zuciyata a bushe? Wannan ya fi littafin nauyi a kunnensu." Ciwon ƙoda ya kwantar da shi bayan wasu shekaru. Ranar jana'izarsa maƙabarta ta cika, har da waɗanda suka daina amsa sallamarsa da sakin fuska.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. An yanka gonakin bakin titi an mai da su filaye, bulo ya tsaya inda dawa take tsayawa. An sare tsamiyar. Littattafansa da aka tara a ɗakin ajiya, rufi ya yi yoyo, gara ta gama da sauran. Kowa yanzu yana da waya, duniya duka tana cikin aljihunsa, amma ban ga mun ƙara sha'awar sanin yadda wasu suke tunani ba. Saurin yanke hukunci muka ƙara. Abin da ya faru da Yaya a masallaci ɗaya, yau kafin magariba sai ya kai kowane gari.

Shekara biyu da suka wuce na shiga wani shago a Rijiyar Zaki, na tarar ana nuna zari-ruga a talabijin. Nan take na gane shi, don komai yadda Yaya ya kwatanta ne. Na tsaya har aka tashi, na ga ƙartin suna rungumar juna, goshin wani yana jini. Mai shago ya tambaye ni ko lafiya. Na yi masa sallama na fita.

Bara abin ya zagayo kan Malam Idi. Wani ya yanko guntun wa'azinsa ya watsa a waya, aka juya maganar, mutanen da ba su taɓa ganinsa ba suka yi ta fitar da shi daga addini. Wata rana sai ga shi a rumfata a Dawanau, ya rame, gemunsa ya yi furfura. Ya zauna a kan buhun wake, ya dube ni.

"Alhaji, marigayi ya taɓa yi maka maganata?"

Na ce, "Ya yi. Cewa ya yi kana son addini da gaske, kuma karatunka ya fi nasa daɗi."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Ya sunkuyar da kai. Ruwan da na kawo masa bai taɓa ba, ya yi sallama ya tafi.

Idan na auna abin da ya rage na Yaya, ba shi da yawa. Babu makaranta mai sunansa, yaran unguwa ba su san shi ba, masu tuna maganarsa kuma muna raguwa kowace shekara. Amma na ga wanda ya kayar da shi ya yi tafiya takanas yana neman kalma ɗaya mai ɗaci da zai rage wa kansa nauyi da ita, ya koma bai samu ba. Allah ya jiƙan Yaya Habu, ya haɗa shi da Mustafa.