Wata Biyun Da Na Riga Malam Samun 'Yanci

Jiya na tsinci tsohuwar rediyon marigayi mijina, sai na tuna ina amarya a Bagudo. Daga Dahomey, Benin ta yanzu, anka kawo ni. Ƙasarmu ta samu 'yanci daga Faransa, Nijeriya saura wata biyu.

Malam, mijin nawa, na zaure yana ce wa abokansa, "'Yancin Faransa ba 'yanci ba ne."

Daga bayan zana na ce, "Malam, kai da Bature ke mulka har yau, ina ka san ɗanɗanonsa?"

Kwana uku bai ci tuwona ba.

Ranar 'yancin Nijeriya ya shigo yana murmushi. "Mun cim maku."

Na ce, "Sannu da zuwa, ƙanena."

Har ya rasu, in muna mu biyu, Yaya yake ce mini.

Ku fa, wace gardama kuke kewa?