Katunan Malam Wa-Ya-Yanka

Shekara tara ke nan da muka raka shi makwancinsa a Birmingham, mu 'yan kaɗan, ruwa na zuba. Bajamushe ne, masanin tarihi da addinai. Amma a ƙauyukan kudancin Zazzau da ya zaga a kan babur, ba wanda ya damu da sunan da iyayensa suka raɗa masa. Malam Wa-Ya-Yanka ake ce masa, saboda tambayar da yake fara yi wa kowane dattijo: ranar Kirsimeti, wa ya yanka muku akuya?

Tambayar ba ta wasa ba ce. A wancan zamani Kirista kan kira maƙwabcinsa Musulmi ya yanka masa dabba, don idan an dafa kowa a unguwa ya ci ba tare da ɗar-ɗar ba. Malam yakan ce a littattafan manya za ka ga abin da addinai suke faɗa game da junansu, amma in kana son sanin yadda mutane suka zauna, to ka tambayi wanda ya riƙe wuƙa.

A Hamburg na san shi, ina ɗalibin aikin injiniya, shi kuma yana neman mai gyara masa Hausa. Ɗan fasto ne. Ya taɓa gaya mini cewa a layin da ya tashi akwai gidajen da Yahudawa suka zauna kafin yaƙi, kuma duk tambayar da ya yi wa mahaifinsa a kansu, shiru ne amsar. Wannan shirun ya kai shi karatun tarihi. Ya koyar a ƙasarmu shekaru masu yawa, daga baya ya dawo wata jami'a a nan Ingila, inda muka sake haɗuwa gashin kanmu ya yi fari.

Duk hirar da ya yi yakan rubuta ta a ɗan kati, rabi da Hausa, rabi da Jamusanci, da wani irin rubutu mai kama da sawun kaza. Ba suna a kan kati, sai lamba. Sunayen suna cikin wani littafi daban. Shekarar da aka fara ƙone-ƙone a garuruwan da ya sani, ya cinna wa littafin wuta a lambun gidansa. Na yi masa faɗa sosai. Ya ce, "Alhaji, na ga abin da ake yi da jerin sunaye a ƙasarmu. Ba zan bar wa kowa nawa ba."

Bayan rasuwarsa na ɗauka jami'ar za ta karɓi akwatunan. Lokacin ne gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu. An haɗe sashensa da wani, an sallami matar da ke kula da tsofaffin takardu, wanda na samu a ofishin ya ce mini ba su da wuri. Na gwada laburaren unguwa, na tarar hukumar gari ta rage masa ranakun buɗewa, ma'aikaciyar ma ba ta san ko za ta kai ƙarshen shekara a aiki ba. Na ga yadda ake ririta tsohuwar takarda a Alƙahira, na ga dangi a Omdurman suna naɗe rubutun kakansu a cikin fata. Ban taɓa zaton a Ingila ne zan rasa inda zan ajiye aikin shekara arba'in ba. Akwatunan suna garejina a Perry Barr, kusa da injin yankan ciyawa.

A bazarar da ta wuce wata mata ta kira ni, Rifkatu, ma'aikaciyar jinya a Manchester. Ta hawo bas daga Moss Side ranar hutunta. Ta ce tana yarinya ta ga Baturen nan zaune a kan turmi yana hira da mahaifinta. Limamin garinsu ne yake yi musu yanka kowace shekara. Yanzu garin kufai ne, mahaifin ya rasu, ɗanta kuma da ke jami'a ya ce mata labarin ƙirƙira ne irin na tsofaffi, ba Musulmin da ya taɓa yi wa Kirista haka. Har ya daina gaisawa da 'yan Arewa Musulmi da suka tashi tare. So take ta kai masa maganar kakansa a rubuce.

Muka wuni a gareji. Akwatunan ƙasa danshi ya cinye su, katunan sun manne kamar danƙo. Na sama ina karantowa da gilashin ƙara girma, don idanuna sun yi rauni, likita ma ya ce kada in sa rai. Mun sami katunan yankinsu da yawa. Wannan liman ne ya yanka, wancan mahauci, wani kuma ƙanin mai gidan ne da ya musulunta. Ba ɗaya da zan iya rantsewa na mahaifinta ne.

Can ta ɗauki ɗaya, inda wani dattijo yake cewa liman ba ya karɓar komai sai kai da ƙafa. Ta daɗe tana kallonsa.

"Baba, wannan ne. Haka yake magana."

"'Yata, ban da tabbas."

"Ni ma ban da shi. Ka bar ni in tafi da shi."

Malam bai taɓa yarda a jingina wa mutum magana ba shaida ba. Ya sha kayar da ɗalibai a jarrabawa saboda abin da bai kai wannan ba. Na fassara mata rabin Jamusancin a wata takarda, na sa mata duka a ambulan. Bayan sati biyu ta kira. Yaron ya juya katin gaba da baya, ya tambaye ta ina sunan.

Ina yawan tunanin abin da Malam zai ce da ya ga yau. Ya ƙona sunaye don ya kare mutane, ga shi an kashe wasunsu duk da haka, jikokin sauran kuma ba su yarda an taɓa irin wannan zaman ba. A unguwar Balsall Heath, nan Birmingham, kowa yana sayen namansa a leda da tambarin halal a kai, ba mai buƙatar maƙwabci ya riƙe masa wuƙa. Ban ce laifi ba ne. Tambayarsa ce dai ta rasa wanda za a yi wa.

Littattafansa biyu suna nan a wasu laburare, ba na jin ana aronsu. Abin da ya saura shi ne katunan, kuma a iya sanina ni kaɗai na rage mai iya karanta hannunsa. 'Ya'yana sun riga sun tambaye ni, cikin ladabi, yadda za a yi da garejin. Na ɗora akwatunan a kan bulo saboda danshi. A gurbin katin da Rifkatu ta ɗauka na sa wani sabo, yadda ya koya mini, na rubuta lambar, na rubuta wadda ta karɓa. Wurin sunan mai magana na bar shi fari.