Ta'aziyyar Mutumin da Ba a Haifa Ba

Ni karatuna a aji shida ya tsaya, sana'ata kuma bandar kifi ce a Wara, garinmu na bakin tafki. Amma tun ina yarinya nake da ciwon ƙaga labari, in rubuta in ɓoye ƙarƙashin katifa. Shekarar da wayoyi masu shiga intanet suka fara isowa garinmu, wata ƙawata ta sa ni a wani zaure na masu karatun labarai a waya. Yawancinsu mata ne, daga Kano, Zariya, har da mazauna ƙasar waje. Ƙa'idar zauren ita ce mutum ya turo babi, a karanta, a nuna masa inda zai gyara. Abin da nake nema ke nan: wani mai ilimi ya faɗa mini ko rubutuna rubutu ne, ko in koma wa kifina in yi shiru.

Sabis ba ya kamawa a gidanmu sai a kan tudun da ke bayan murhun banda. Nan nake tsayawa da hantsi, hayaƙi na cin idona, ina danna harafi ɗaya-ɗaya. Sai da na yi kwana tara kafin na tura babin farko, domin kullum gani nake kamar na zagi wani ban sani ba.

Labarin wani masunci ne mai fara'a, da matarsa da 'ya'ya uku. Babi huɗu na tura, ba wanda ya ce komai sai "ci gaba". A na biyar iska ta taso, jirginsa ya kife a tsakiyar tafki, aka yi ta nema ba a ga gawa ba. A ƙasa na rubuta: "Don Allah a duba mini kurakurai."

Washegari da na hau tudu, waya ta yi ta ƙara kamar za ta fashe. Saƙon farko: "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa." Na biyu ma haka, na goma ma haka. Wata ta ce ta yi kuka har mijinta ya tambaye ta wa ya rasu, ta faɗa masa, shi ma ya ɗaga hannu ya yi addu'a. Wata hajiya daga Zariya ta soya waina ta raba wa maƙwabta, sadakar uku. Shugabar zaure ta hana barkwanci har a gama zaman makoki.

Na rubuta cewa ba fa mutum ba ne, ni na ƙaga shi. Aka amsa mini: "Mun sani, 'yar'uwa. Ki yi haƙuri, haka rashi yake."

Daga ranar abinci ya daina shiga. Bayin Allah sun yi alwala sun roƙa wa wanda ba a taɓa halitta ba gafara, kuma ni ce sanadi. Ina waɗannan addu'o'i za su je? Gani nake suna shawagi a kan tafki ba wurin sauka, ranar lahira a tambaye ni su. Ina wannan tunani na ƙone kifi kwando guda.

Na je wurin limamin unguwarmu, na durƙusa daga bakin zaure na yi bayani.

"Mamacin ɗan wane gida ne?" in ji shi.

"Allah gafarta Malam, ba ɗan kowa ba ne. A kaina yake."

"Musulmi ne?"

"Na sa shi yana salla a babi na biyu."

"To, da sauƙi." Ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce bai taɓa cin karo da wannan a littafi ba, in dawo bayan Juma'a.

Ban iya jira ba. Na ce tunda ba a ga gawa ba, bari in tashe shi. A babi na shida na sa ya kama gorarsa ta su, ruwa ya kai shi wani gungu, wato tsibiri, mutanen can suka yi jinyarsa.

Zaure ya kama da wuta. Wata malama ta ce matar ta riga ta fara takaba, yanzu yaya za a yi da kwanakin da ta yi? Hajiyar Zariya ta rubuta: "Wainata fa? In bi gida-gida in ce a dawo da ita?" Wata kuma ta ce: "Ke dai ki mayar da shi ruwa, mun riga mun haƙura." Shugaba ta sa a kaɗa ƙuri'a, masu son ya mutu suka yi rinjaye.

Na farko dai iska ce ta kashe shi. Wannan karon ni ce zan tura shi da gangan, yana murna ya ga 'ya'yansa. Na zauna a kan tudu da waya a hannu, na kasa.

Nan Inna, mahaifiyata, ta iske ni.

"Ke, mi as same ki? Kwana nawa kina hira da wagga waya kamar mai aljanu?"

Na faɗa mata komai. Ta yi dariya har ta dafa itacen banda, sannan ta dube ni.

"Wanga masunci naki, iska ta kihe jirginai, ba a ga gawa ba?"

"E, Inna."

"Ina kinka samo shi?"

Mu biyu duk mun sani. Ƙanenta ne, kawuna, wanda tafki ya ci kafin a haife ni. A bakinta na ji labarin, sau ba adadi, muna ferar kifi.

"Shi ko sallar gawa bai samu ba," ta ce. "Shekara nawa ni kaɗai nike mai addu'a. Yanzu ga mutanen Zariya da waina, ke kina neman inda za ki kai? Allah ya san wanda ruwa yac ci."

Nan take na rubuta wa zaure gaskiyar magana, labarin kawuna. Hajiyar ce ta fara amsawa, ta ce wainarta ta kawu ce, ta sabunta niyya. Sauran suka biyo baya ɗaya bayan ɗaya, aka yafe wa masuncin ya ci gaba da rayuwa. Ranar na ci tuwo har da ƙari.

Da la'asar Inna ta ce in karanta mata babi na biyar ɗin. Ina tsakiya ta ɗaga hannu.

"Tsaya. Kin ce yana tsaye cikin jirgi sa'ad da iska tat taso? Wane masunci ka tsayuwa ga iska? Zamna shikai, shi riƙe filafilin tuƙi. Gyara. Kuma wurin kukan matar ya cika tsawo, rage shi."

Na gyara, na rage. Duk zamana a zauren nan, gyaran da na samu ke nan.